Telemark: Zamiyar Sakakken Diddige Tsakanin Filin Gasa da Tsaunukan Dawa

A cikin wasannin gangarowa daga tsauni a kan dusar ƙanƙara, telemark ne ake yi alhali diddigen mutum a sake yake, ba a ɗaure shi da allon zamiya ba. Gaban takalmi kaɗai ke maƙale a maɗauri, saboda haka duk lokacin da mai zamiya zai karya kwana sai ya tura ƙafa ɗaya gaba, ya bar ɗayar a baya, ya rusuna har gwiwar ƙafar bayan ta kusanci allo, diddigenta kuma ya ɗaga sama. Idan ya iso kwana ta gaba sai ƙafafun su yi musanyar matsayi ba tare da tsayawa ba, a haka zai yi ta rusunawa yana miƙewa har ya kai gindin dutse.

A yau wannan salo yana rayuwa ne a wurare biyu da suka yi nisa da juna. Akwai gasar da hukumar wasannin zamiya ta duniya, FIS, ke shiryawa a kan hanyar da injina suka daddale, aka kafa mata tutoci, aka jera mata alƙalai. Akwai kuma tafiyar dawa, inda mutum ke hawa tsauni da ƙarfin ƙafarsa, nesa da filayen wasa, domin ya gangaro cikin sabuwar dusa mai laushi da babu wanda ya taka. Abin da nake gani shi ne, gasar ta yi ƙoƙari ƙwarai wajen adana siffar telemark da ƙwarewar jiki da yake buƙata, kuma ta cancanci a kare ta, amma ilimin da ya fi kowane muhimmanci ga matafiyin dawa, wato sanin halin dusar da yake takawa, ba a samunsa a tsakanin tutoci, kuma rashinsa yana cin rayukan ƙwararru kamar yadda yake cin na 'yan koyo.

Asalin salon yankin Telemark ne a kudancin ƙasar Norway, musamman kwarin Morgedal, inda a ƙarni na 19 allon zamiya ya kasance abin sufuri tun kafin ya zama abin wasa. Manomi kan ɗaura shi ya je daji saro itace, ya duba tarkonsa, ya tafi coci ko gidan maƙwabci, domin idan hunturu ya kankama ƙafa ba ta iya tafiya ba tare da ta nutse har cinya ba. Da yake ƙasar tudu da gangare ce, dole allo guda ya yi aikin hawa ya kuma yi aikin sauka, shi ya sa diddige ya zauna a sake: wanda aka ɗaure wa diddige ba ya iya ɗaga ƙafa ya yi taku. A wannan kwari aka haifi Sondre Norheim a 1825, talakan manomi mai zama a gonar aro, wanda a 1868 ya yi tafiyar kusan kilomita 200 a kan allunansa zuwa Christiania, wato Oslo ta yau, ya lashe gasa yana da shekara 42. Mutanen birni sun ga abubuwa biyu da ba su saba gani ba: allo gajere mai siririn ƙugu wanda ke sauƙaƙa karya kwana, da igiyar murɗaɗɗun saiwoyin bishiya da ta zagaye diddige, tana hana ƙafa sulluɓewa gefe amma tana barinta ta ɗaga. Masana tarihi sun yi saɓani a kan ko shi ya ƙirƙiro waɗannan abubuwa ko kuwa inganta na magabata ya yi, sai dai babu saɓani cewa mutanen wannan kwari ne suka koyar da birni. 'Yan'uwan nan Mikkel da Torjus Hemmestveit sun buɗe makarantar zamiya a Christiania a 1881, kuma Olav Bjaaland, ɗaya daga cikin mutum biyar da suka isa ƙuryar kudancin duniya a ayarin Roald Amundsen ranar 14 ga Disamba 1911, ɗan Morgedal ne. Shi kuwa Norheim ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1884, ya rasu a jihar North Dakota a 1897 ba tare da maƙwabtansa sun san girman abin da ya bari a gida ba, sai a 1952 aka kunna wutar gasar Olamfik ta hunturu ta Oslo daga murhun gidan da aka haife shi.

Da wasan ya isa tsaunukan Alps na tsakiyar Turai sai ya tarar da gangare mai tsanani fiye da na Norway, kuma malaman zamiya na Ostiriya irin su Mathias Zdarsky da Hannes Schneider suka gina wasu hanyoyin karya kwana da suka fi dacewa da shi. Sannu a hankali aka riƙa danne diddige da waya, daga baya aka kulle shi ɗungurungum. A 1936 gasar gangarowa irin ta Alps ta shiga Olamfik a Garmisch-Partenkirchen ta Jamus, kuma a wannan shekara aka kafa kujerun waya na farko masu ɗaukar mutane zuwa saman dutse a Sun Valley ta Amurka. Tun da inji ya karɓi aikin hawa, sakakken diddige ya rasa amfaninsa a filin wasa, telemark ya kusa ɓacewa, in ban da wurin masu tsallen nesa, waɗanda har yau alƙalai ke rage musu maki idan ba su dira da ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya ba.

Rusunawar telemark ba ado ba ce, amsa ce ga wata matsala ta zahiri. Wanda diddigensa ke kulle yana iya jingina ƙwaurinsa da gaban takalmi mai tauri, allon ya riƙe shi, ko da ya ci karo da tudun dusa ba zai kife ba. Wanda diddigensa ke sake ba shi da wannan madogara, da zarar kan allo ya nutse ko gudu ya ragu ba zato sai jikinsa ya wuce gaba ya faɗi ta fuska. Raba ƙafafu gaba da baya shi ke tsawaita gindin da mutum ya tsaya a kai, rusunawa kuma ta sauko da nauyinsa ƙasa, alluna biyun su zama tamkar dogon allo guda mai lanƙwasa a tsakiya, wanda ke yanka kwana da kansa. A cikin dusa mai zurfi, ko wadda iska ta yi wa ɓawo a sama, ko wadda ke sauya hali daga taku zuwa taku, wannan tsayuwa tana shanye girgiza ta yadda ba a zato, kuma a nan ne masu telemark ke cewa suna jin dutse a tafin ƙafarsu. Amma a kan ƙanƙara mai tauri lissafin yana juyewa, domin nauyi ya rabu tsakanin ƙafar gaba da yatsun ƙafar baya, kaifin gefen allo ba ya cizon ƙasa da ƙarfin da yake yi idan an danna shi da dukan tafin ƙafa. Ga kuma gajiya, saboda saukowa ɗaya na nufin rusunawa a kan cinya sau da yawa a jere ba hutu.

Farfaɗowar salon ta zo ne daga Amurka a shekarun 1970, musamman garin Crested Butte na jihar Colorado, inda wasu matasa masu son shiga dawa suka ɗauki siraran alluna da takalman fata suka sake koyon abin da aka manta. Dalilinsu iri ɗaya ne da na manoman Morgedal, wato kaya marasa nauyi da za su hau da su kuma su sauko da su, a lokacin da kayan zamiyar Alps ke da nauyi da tsada. Daga nan salon ya koma Turai, har Norway kanta. A 1992 kamfanin Scarpa na Italiya ya fitar da takalmin telemark na roba mai tauri, mai lanƙwasa a kan yatsu, wanda ya ba mutane ikon sarrafa manyan alluna a gudu mai tsanani, sannan a 2007 kamfanin Rottefella na Norway ya kawo sabon tsarin maɗauri da ake kira NTN, mai kama takalmi ta ƙarƙashin tafin ƙafa. Kowane ɗayan waɗannan ya ƙara ƙarfin sauka, ya kuma ƙara nauyi a wajen hawa.

An yi gasar cin kofin duniya ta telemark karo na farko a Hemsedal ta Norway a 1987, kuma daga tsakiyar shekarun 1990 FIS ke gudanar da jerin gasannin shekara-shekara a wurare irin su Rjukan a Norway, Thyon a Suwizalan, Les Contamines a Faransa da Krvavec a Sloveniya. Wanda ya duba yadda ake tsara hanyar gasar zai ga cewa an yi ƙoƙarin dunƙule tafiyar dutse guda cikin 'yan mintuna. Ɗan wasa zai fara da gangarowa tsakanin tutoci masu faɗin tazara, sai ya ci karo da tudun tsalle wanda aka ja wa layi a ƙasa, dole ya tsallake layin, sai ya shiga wata da'ira mai ɗagaggen bango ya yi cikakken zagaye guda wanda ke cinye masa gudu, daga nan kuma ya fito fili ko ɗan hawa inda zai tura kansa da ƙafafu da dogayen sanduna kamar mai tseren nesa. Gasar tana da rukuni uku: wanda ake kira classic shi ne mafi tsawo, zuwa ɗaya ake yi, kuma sau da yawa a sashen turawar nan ake gane wanda ya yi atisaye da gaske, domin cinyoyi sun riga sun ƙone kafin a iso shi. Rukunin sprint gajere ne, ana yinsa zuwa biyu a haɗa lokutan. Na uku shi ne wanda mutum biyu ke sauka kafaɗa da kafaɗa a hanyoyi biyu masu kama da juna, su haɗu a da'irar, wanda ya sha kaye ya fita, kuma shi ne ya fi jan 'yan kallo.

Agogo kaɗai ba ya yanke hukunci a wannan gasa, a nan ne ta bambanta da sauran tseren gangarowa. A gefen hanya akwai alƙalai da ke duba kowace kwana: dole ƙafar ciki ta kasance a baya da tazarar aƙalla tsawon takalmi guda, diddigenta a ɗage yadda ido zai gani, sauyin ƙafa kuma ya gudana ba tare da an tsaya a tsakiya ba. Duk tutar da ɗan wasa ya wuce bai cika wannan sharaɗi ba, za a ƙara masa daƙiƙa guda a lokacinsa, haka nan ana ƙara masa idan tsallensa bai kai layi ba ko bai dira a tsayuwar telemark ba. Masu suka suna cewa wannan doka shaida ce a kan salon, domin in da rusunawa ta fi sauri a kan daddalalliyar hanya, da ba sai an tilasta ta da tara ba. Gaskiya ne ba ta fi sauri ba, ɗan wasan da aka ƙyale ya miƙe ya haɗa ƙafafunsa zai riga ɗan'uwansa isa. Sai dai ban ɗauki wannan a matsayin aibi ba, domin wasanni da yawa an gina su ne a kan taƙaita wa jiki hanya mafi sauƙi: mai tseren tafiyar sauri an hana shi gudu, mai ninƙaya salon kwaɗo an hana shi salon da ya fi sauri, kuma babu mai cewa gasarsu ta ƙarya ce. Abin da dokar ke nunawa shi ne an ɗauko dabarar da aka haifa domin dusa mai laushi, ana auna ta a kan ƙanƙara mai tauri, sau da yawa wadda inji ya fesa, inda ba ta da rinjaye. Wanda ya iya riƙe kaifin allo a irin wannan wuri yana rusune, ya yi tsalle, ya kuma tura kansa zuwa ƙarshe, ya haɗa ƙwarewar fannoni uku da sauran 'yan wasa ke rarrabawa a tsakaninsu.

Duk da haka gasar ƙarama ce ƙwarai. Amélie Wenger-Reymond ta Suwizalan ta yi nasara sama da sau 150 a jerin gasannin duniya kafin ta yi ritaya a 2023, adadin da babu wani ɗan wasan zamiyar Alps da ya kai, amma a wajen ƙasarta kaɗan ne suka san sunanta. Yawancin 'yan wasan suna da sana'o'insu ko karatunsu, kuma ƙasashe ƙalilan ne, irin su Suwizalan, Faransa, Norway, Jamus, Sloveniya da Birtaniya, ke raba lambobin yabo a tsakaninsu. A 2018 FIS ta gabatar da buƙatar a sa telemark a Olamfik ta Beijing ta 2022, kwamitin Olamfik na duniya bai amince ba, a lokacin da yake riƙe da ƙa'idar kada 'yan wasan hunturu su wuce kimanin 2,900. Bayan shekara uku, a 2021, kwamitin ya amince da tseren hawan dutse a kan allon zamiya domin gasar 2026 ta Italiya, aka ba garin Bormio. Wannan hukunci ya yi wa masu telemark ciwo, kuma dalilin ciwon ya wuce batun lambar zinariya, domin wasan da aka karɓa shi ne wanda ya gaji aikin da telemark ya fara yi, wato hawa da sauka da kaya guda.

Yadda aka yi wannan gado ya sauya hannu labari ne na ƙarfe. A tsakiyar shekarun 1980 wani ɗan Ostiriya mai suna Fritz Barthel ya ƙera maɗauri mai 'yan ƙusoshi biyu da ke shiga ramuka a gefen gaban takalmi, kamfanin Dynafit ya kai shi kasuwa. Da wannan maɗauri, mutum yana hawa diddigensa a sake, takalmin yana juyawa a kan ƙusoshin ba tare da wata turjiya ba, idan ya kai ƙololuwa sai ya taka diddigen ya kulle, ya sauko kamar mai zamiyar Alps. Ya fi maɗaurin telemark sauƙin nauyi, ya fi shi sauƙin taku, kuma duk wanda ya iya zamiya a filin wasa ba ya buƙatar koyon sabon salo. Da wa'adin haƙƙin mallakar ƙirar ya ƙare, kamfanoni da yawa suka shiga yinsa. A lokaci guda kuma alluna suka yi faɗi, aka ɗage musu kai da wutsiya, ta yadda suke yawo a saman dusa mai zurfi ko da mai su bai ƙware ba. Hujjar amfani da telemark ya dogara da ita tun zamanin Norheim ta faɗi ke nan, waɗanda suka rage a kansa sun rage ne saboda suna son motsin kansa. Wasu ƙananan kamfanoni a Faransa da Amurka sun haɗa ƙusoshin Barthel da maɗaurin telemark domin rage nauyi, kuma hakan ya taimaka, amma kasuwar ba ta da girman da zai sa manyan kamfanoni su riƙa zuba kuɗi a kai a kai.

Ita tafiyar dawa, ko da wane irin maɗauri aka yi ta, tsarinta ɗaya ne. Ana manna wa ƙasan allo wani ƙyalle mai gashi da ya kwanta gefe guda, wanda a da fatar dabbar teku ce, yanzu kuma gashin akuyar Angora ne ko nailan, yana barin allo ya zame gaba amma ya hana shi komawa baya. Mutum zai yi awa uku ko huɗu yana hawa a karkace, yana juyawa a kowace kusurwa, domin saukowar da ba za ta wuce 'yan mintuna ba. Abin da ake wahalar dominsa shi ne busasshiyar dusa da ta sauka cikin tsananin sanyi ba iska, wadda ruwan da ke cikinta bai kai kashi goma cikin ɗari ba, sauran duk iska ce. Tsaunukan Wasatch na jihar Utah sun yi suna da ita, haka tsibirin Hokkaido na Japan, inda iskar Siberiya ke ɗebo danshi daga tekun Japan ta juye shi a kan duwatsu. Irin wannan dusa ba ta daɗewa, rana ko iska na ɓata ta cikin kwana ɗaya ko biyu, shi ya sa masu nemanta ke fita washegarin saukarta, wanda kuma shi ne lokacin da dutse ya fi haɗari.

Dusar da ke kwance a kan tsauni shimfiɗa-shimfiɗa ce, kowace guguwa da kowane daren sanyi sun bar tasu. Ƙasa a ƙarƙashin dusa tana zama kusan a ma'aunin daskarewa, alhali iskar sama na iya yin sanyi fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma idan dusar ba ta da kauri, wannan bambanci yana tura tururi daga ƙasa zuwa sama, ya mai da ƙwayoyinta masu kusurwa waɗanda ba sa manne wa juna. Haka nan a daren da sama ta washe, raɓa kan daskare a saman dusa ta zama siraran fuka-fukai, sai sabuwar dusa ta zo ta binne su a tsaye. Idan iska ta kwaso dusa daga wani ɓangaren dutse ta danne ta a kan irin wannan raunanniyar shimfiɗa, an sami ɓawo mai haɗe da juna a kan abin da ba zai riƙe shi ba, kamar tabarmar da aka shimfiɗa a kan geron da ya zube a gangaren siminti, tana nan daram har sai an taka. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya shimfiɗar ƙasan, tsagar ta bazu cikin ƙiftawar ido, gefen dutse gaba ɗaya ya taho, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi gudunsa na iya wuce kilomita 100 a awa. Yawancin irin wannan zaftarewa tana tashi ne a gangaren da ke tsakanin digiri 30 zuwa 45, daidai gangaren da ya fi daɗin zamiya, kuma ana iya tayar da ita daga fili a gindin dutse idan shimfiɗar ta haɗe har sama. Jihar Colorado, inda telemark ya farfaɗo, tana da dusa marar kauri da sanyi mai tsanani, kuma ita ce ta fi kowace jiha a Amurka yawan waɗanda zaftarewa ta kashe.

A tsaunukan Alps ana rasa kimanin mutum 100 a matsakaiciyar shekara, kuma a kusan tara cikin goma na haɗurran, wanda abin ya rutsa da shi ko wani a ayarinsa ne ya tayar da zaftarewar. Alƙaluman Suwizalan da aka wallafa a 1994 sun nuna cewa wanda aka tono cikin minti 15 yana da damar rayuwa sama da kashi 90 cikin ɗari, amma zuwa minti 35 damar ta sauko kusan kashi 30, saboda dusar da ta tsaya tana daskarewa ta yi tauri, numfashi ya ƙare. Babu jirgin ceto da zai iso cikin wannan lokaci, abokan tafiya ne kaɗai za su iya, shi ya sa kowa ke ɗaukar abubuwa uku: na'urar aika sigina da karɓarta mai aiki a zangon kilohaz 457, doguwar sandar lalube, da shebur na ƙarfe. A nan mai telemark yana da wata matsala tasa da ba a cika faɗa ba. Yawancin tsofaffin maɗauran telemark ba sa sakin takalmi idan an faɗi, kuma allon da ya ƙi rabuwa da ƙafa a cikin zaftarewa yana jan mutum ƙasa, yana murɗa shi, ya sa a binne shi da zurfi. Sababbin maɗaura sun rage wannan, amma mai shiga dawa da tsohon kaya ya kamata ya san abin da ya ɗaura.

Kayan ceto ba sa hana zaftarewa, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mamatan buguwa da itace ko dutse ke kashe su tun kafin a fara tono. Saboda haka aikin gaske yana wajen yanke shawara. Tun 1993 ƙasashen Turai ke amfani da ma'aunin haɗari mai mataki biyar, cibiyoyi irin su SLF, cibiyar binciken dusa da zaftarewa da ke Davos a Suwizalan, suna fitar da sanarwa kullum a lokacin hunturu, amma kusan rabin mace-macen Suwizalan suna faruwa ne a mataki na uku, inda dutse bai nuna fushi a fili ba, mutane kuma suka ga lamba ta tsakiya suka ɗauka sassauci ce. Jagoran tsauni ɗan Suwizalan Werner Munter ya fito a shekarun 1990 da hanyar lissafi mai sauƙi da ke rage gangaren da aka yarda a hau gwargwadon matakin haɗari, domin ya fahimci cewa ƙwarewa kaɗai ba ta isa ba. Bayansa Ian McCammon a Amurka ya nazarci ɗaruruwan haɗurra ya nuna tarkunan da hankali ke faɗawa: sabo da wuri, nacewa a kan abin da aka ƙudurta tun daga gida, bin wanda ake ganin gwani ne, son burge abokan tafiya, da tsoron kada wasu su riga taka dusar. Ranar 19 ga Fabrairu 2012, a Tunnel Creek da ke bayan filin wasan Stevens Pass a jihar Washington, ayarin mutum 16, mafi yawansu ƙwararru, suka fita bayan saukar dusa mai yawa, zaftarewa ta kashe uku, cikinsu har da babban alƙalin wata gasar zamiya. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira sun bayyana daga baya cewa zuciyarsu ba ta kwanta ba, amma ganin manyan gwanaye a ayarin ya sa suka yi shiru.

Wannan shi ne abin da ke damuna game da ɗan wasan da ya tashi a tsakanin tutoci. Gasa tana koyar da shi ya danne shakka, ya kai hari, ya amince cewa wasu sun riga sun duba hanya sun kafa raga a gefenta, kuma idan ya yi kuskure sakamakonsa daƙiƙa guda ce a allon maki. Ƙafafunsa za su iya sauko da shi daga gangaren digiri 40 cikin sauƙi, wanda hakan ke nufin ƙwarewarsa na kai shi wuraren da ɗan koyo ba zai taɓa kusanta ba, alhali saninsa game da abin da ke ƙarƙashin dusa bai fi na ɗan koyon ba. Dutse kuma malami ne mai ruɗi, domin mutum na iya yanke shawara marar kyau sau da yawa ya sauko lafiya, ya ɗauka basirarsa ce ta cece shi.

A Norway kanta ana ganin fuskokin biyu. A kan tudun Hardangervidda, wanda wani sashensa ke cikin Telemark, sakakken diddige bai taɓa mutuwa ba, iyalai na ɗaura siraran allunan dutse masu gefen ƙarfe su yi kwanaki suna tafiya daga bukka zuwa bukka a tsarin ƙungiyar matafiya ta DNT, wadda aka kafa a 1868 kuma take da bukkoki sama da 500. A irin wannan ƙasa mai shimfiɗa da ƙananan tuddai babu maɗaurin da ya fi shi, kuma babban haɗarin guguwa ce da ɓata hanya, kamar yadda ya faru a hutun Ista na 1967 da mutum 18 suka mutu a duwatsun ƙasar. A arewa kuwa, a yankin Troms, duwatsu masu tsini da ke gangarowa har bakin teku suna jan baƙi daga ko'ina a Turai. A watan Maris 2012 zaftarewa ta kashe mutum biyar a Kåfjord, huɗu 'yan Suwizalan da jagoransu Bafaranshe, a watan Janairu 2019 kuma wasu huɗu daga Finland da Suwidin suka mutu a Tamokdalen. Sai a Janairu 2013 Norway ta fara fitar da sanarwar haɗarin zaftarewa ga jama'a a kai a kai ta shafin Varsom, shekaru da dama bayan Suwizalan, wadda cibiyarta ta Davos ke yin haka tun 1945.

Ƙungiyoyin telemark na ƙasashe suna kashe ƙarfinsu kaɗan da suke da shi wajen neman shiga Olamfik, kuma ina fatan su samu, domin 'yan wasansu sun cancanta. Amma kusan duk yaron da ya koyi rusunawa a kulob zai shiga dawa wata rana, tun da can ne motsin ya fi daɗi, kuma kulob ɗin ne wuri na ƙarshe da babba ke da iko a kansa kafin ya tafi. Ya kamata karatun sanarwar haɗari, auna gangare, tona rami a duba shimfiɗun dusa, da atisayen neman na'urar da aka binne cikin minti goma su shiga jadawalin horon matasa daidai da tsalle da turawa, a kuma sa shi sharaɗi kafin a ba matashi lasisin gasa. Malaman da za su koyar suna nan a ƙungiyoyin jagororin tsauni na Suwizalan, Faransa da Norway, kuma kwana biyu ko uku a farkon kowane hunturu sun isa a kafa tushe.